Zauren Anti: Gemu Ba Ya Hana Ilimi, To Goyo Fa?

  Wasiƙunku suna isowa, kuma kamar kullum yawancinsu maganar soyayya ce, wannan saurayi ya yi mata alkawari ya ɓace, waccan an ba da ita ga wanda ranta ba ya so. Duk za mu zo kansu da yardar Allah. Amma a wannan fitowar na ture su gefe saboda wata wasiƙa guda da ta zo mini daga ƙasar Gwaram, wadda mai ita ta haɗa ni da girman Allah in sakaya sunanta, na kuwa sakaya.

Baiwar Allah ce 'yar shekara 27, da aurenta da 'ya'ya biyu, ɗaya na goye. Tana aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye, ita ce awon ciki, ita ce allurar rigakafi, wani lokaci har yankan kati ita ce. Ta ce duk matar da haihuwa ta zo mata da gardama, iyakarta ta rubuta takarda a nemo mota a nufi Birnin Kudu, wata kuwa kafin a isa jini ya ƙare mata a hanya. Abin ya tsaya mata a rai har ta fara tunanin ita ma ta zama likita. To amma da ta ciro sakamakon sakandarenta daga ƙasan akwati, sai ta ga a Turanci da Lissafi da Bayoloji kawai take da kiredit, Kimistiri D7, Fiziks kuwa F9 ɓaro-ɓaro, don a makarantar da ta yi sun shekara biyu ba malamin Fiziks. Da ta yi wa wata ƙawarta zancen, sai ta kwashe da dariya, wai ina mai goyo ina zaman aji. Tambayarta guda ce, hauka take yi ko kuwa abin zai yiwu?

Ƙanwata, ba hauka kike yi ba. Amma ba zan yi miki daɗin baki ba, don in na ce miki abu ne mai sauƙi na cuce ki. Bari in fara da abin da zai fi yi miki ɗaci. Shekarun nan da kika yi kina karɓar haihuwa, da takardar makarantar kiwon lafiya da kike da ita, da yabon da mutanen gari suke yi miki, duk ba za su biya miki bashin Fiziks ba. Duk jami'ar da ke koyar da likitanci a ƙasar nan abu biyar take fara nema, kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. In ɗaya ya faɗi, fom ɗinki ko teburin shugaban tsangaya ba zai kai ba. Wani ƙarin kuma, jami'o'i da yawa sun sharɗanta wa masu neman likitanci cewa biyar ɗin su fito a zama ɗaya. Saboda haka shawarata kada ki ce guda biyun da kika faɗi kawai za ki gyara. Ki sake ɗaukar biyar ɗin gaba ɗaya, sauran darussan da fom ya buƙata ki cike da waɗanda ba za su ci miki lokaci ba, irin su Hausa da Addinin Musulunci.

Ba sai kin sake sa yunifom ba. Hukumar WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu, wadda muka fi sani da GCE, kuma tun daga 2018 sau biyu ake yin ta a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen ƙarshenta. NECO, wadda aka kafa a 1999, ita ma tana da tata ta 'yan waje a ƙarshen shekara. Wannan ita ce ƙofar mace mai aiki, don kina iya yin shirinki a ɗakinki, ki ɗauki hutunki na shekara ya dace da makonnin jarrabawar. Sai dai ki san wani abu. A jarrabawar 'yan waje ba a kai ki ɗakin gwaje-gwaje a ba ki kwalabe ki haɗa sinadari da hannunki. Zane da lambobin awo ake ba ki, a ce ki karanta ki lissafa ki zana jadawali. Mutane suna ɗauka wannan sauƙi ne, alhali wadda ba ta taɓa ganin yadda ake ɗiga ruwan sinadari ɗigo-ɗigo har launinsa ya juya ba, nan take zubar da maki. Ki nemi wata malamar kimiyya a makarantar 'yan mata da ke kusa da ke, ki roƙi arziki ta shigar da ke ɗakin gwajinsu ko da Asabar uku ce ki gani da idonki. Abin da ido ya gani ya fi zama a ka.

Yanzu sai maganar karatun kansa, kuma a nan nake so in daɗe, don a nan mata suke karaya. Mace ta sayi littafin tambayoyin baya, ta buɗe shafin Fiziks, ta ga lambobi da haruffa sun cakuɗe, ta rufe ta ce kanta ya riga ya toshe. Kanki bai toshe ba, daga tsakiya kika shiga. Rabin wahalar Fiziks ta Lissafi ce. Wadda ba ta iya juya harafi daga wannan gefen alamar daidai zuwa wancan ba, ko raba lamba mai ɗigo, ko zana layi a takardar jadawali, to ko malamin da ya fi kowa iyawa aka kawo mata a banza. Ki ba Lissafi wata biyu na farko, ki koma littafin aji huɗu ba kunya, ki bi shi shafi-shafi. Littattafan ba ɓoyayyu ba ne, su ne dai waɗanda yaran unguwarku suke ɗauka, New General Mathematics, da Kimistirin Ababio, da Fiziks na Anyakoha, da Modern Biology na Ramalingam. In kuɗin sababbi ya gagara, duk mai shiga Kano ki ba shi saƙo ya duba miki na hannu a Sabon Gari.

Kuma kina da wata riba da 'yar aji shida ba ta da ita. Ita haddace abin take yi, ke kuwa kullum hannunki yana cikinsa, sunansa ne kawai ba ki sani ba. Me ya sa kike rataye ledar ƙarin ruwa a sama, in kin sauko da ita ruwan ya daina tafiya? Wannan darasin matsin ruwa ne a Fiziks. Me ya sa in gishiri ya yi yawa a ruwan gishiri da sukari yake ƙara wa yaro gudawa maimakon ya tsayar? Wannan yana cikin Bayoloji, inda ake bayanin yadda ruwa yake ratsa fata mai siriri ya nufi inda gishiri ya fi yawa. Awon zafin jiki, awon hawan jini, tsarma maganin wanke rauni, duk suna cikin littattafan nan. Duk babin da kika karanta ki tambayi kanki, ina na taɓa ganin wannan a wurin aiki? Wallahi za ki sha mamaki.

Lokaci fa? Kada ki yaudari kanki da karatun dare. Matar da ta wuni a tsaye, ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta ji da maigida, in ta buɗe littafi ƙarfe goma littafin ne zai karanta ta. Ki kama bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Awa ɗaya da rabi kullum, kwana shida a mako, in kin jure mako 40, kin tara awa 360 ke nan. Ba kaɗan ba ne. Ranar Lahadi kuma ki samu mai duba miki abin da kika yi, ko malamin makaranta ko ɗan bautar ƙasa, ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa biyansa tare, a gidan ɗayarku, da sanin mazajenku. Wayar hannunki ma da kike kallon fim da ita, akwai darussan nan a ciki kyauta.

Za a zo miki da wata shawara, in ma ba a riga an zo ba. Za a ce akwai wata santa a wani lungu, ki biya kaza a rubuta miki amsa a allo. Ki toshe kunnenki. Ban da haramci da haɗarin a riƙe sakamakon santar gaba ɗaya, ki tuna inda za ki. Shekarar farko a jami'a Fiziks ɗin nan da Kimistirin nan su za ki sake tararwa, sun ƙara girma, kuma wadda ta kasa su ba ta hayewa ajin likitanci. Kin ga kin saya wa kanki kunya da kuɗinki.

Sai wani ɗan tarko da yake kama matan aure musamman. Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa. Da yawanmu a takardar sakandare sunan mahaifi ne, a katin ɗan ƙasa sunan miji, a takardar ɗaukar aiki kuma an rage shekara biyu. Ki zauna ki jera takardunki a tabarma tun yanzu, suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya kafin ki sayi kowane fom. Gyaran yana cin watanni.

In kiredit sun samu, saura JAMB. Darussa huɗu ne ga mai son likitanci, Turanci, Bayoloji, Kimistiri, Fiziks. Tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400, kuma tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta, don haka ki koyi riƙe linzamin kwamfuta tun kafin ranar. Wadda ta ci 200 takan yi guɗa in wani fannin take nema, a likitanci kuwa ba ta ko hango ƙofar ba, don hukumar likitoci ta ƙasa ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa dubbai ne. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in bai yi ba sai a sake, amma na WAEC da NECO ba ya ruɓewa. Kuma ki yi wayo wajen zaɓen jami'a. A tsarin jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi maki ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Jigawa kuwa tana cikinsu. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da likitanci, ɗalibanta suna koyon aiki a asibitin Rasheed Shekoni. Ga Bayero a Kano da asibitin Malam Aminu Kano. Mai 'ya'ya a Gwaram ba ta da dalilin tsallake waɗannan ta cike wata jami'a a Kudu.

Akwai kuma hanyar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da ita. Karatun kusan shekara guda ne a kan darussa uku, in an ci da kyau a shiga aji biyu kai tsaye. Amma zaman aji ne na kullum, bai dace da mai zuwa aiki ba, guraben likitanci ta nan ƙalilan ne, kuma ba ya goge bashin kiredit biyar ɗin nan.

To mu yi lissafin shekaru, don ƙawarki mai dariya nan ta dogara. Yau kina 27. Shekara ɗaya ta gyaran kiredit, 28. Shekara ɗaya ta JAMB, 29, in ta ƙi a karon farko 30. Karatun likitanci shekara shida, 36. Ki ƙara shekara ɗaya ta yajin aiki, don a 2022 kaɗai malaman jami'a sun yi wata takwas a gida. Sai shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti bayan kammalawa. Bautar ƙasa an ɗauke wa wanda ya haura 30 kafin ya gama. Kin ga kina 38 kin zama cikakkiyar likita. Ko da a kan shekara 60 za ki ajiye aiki, saura shekara 22 kina duba mata. Shekara 38 ɗin nan kuwa, in da rai, za ta zo ta same ki ko kin yi karatu ko ba ki yi ba.

Amma ga gaskiyar da ba a faɗa. Aiki da karatu suna tafiya tare ne a shekara biyun farko kawai. Likitanci ba shi da karatun ƙarshen mako, ba shi da na wasiƙa, Buɗaɗɗiyar Jami'a ma ba ta yin sa. Ranar da aka ɗauke ki, sai dai ki nemi hutun ƙaro karatu, da albashi ko babu, kuma galibi sai kin sa hannu za ki dawo ki yi wa waɗanda suka sake ki aiki na wasu shekaru. Ki fara bin wannan maganar a ofishinku tun yanzu, a rubuce, ki ajiye kwafi. Ki kuma shiga adashin da ba na kayan ɗaki ba.

Maigida kuwa, a wasiƙarki ba ki ce ya sani ba, kuma wannan shirun ya dame ni. Kada ki sayi fom a ɓoye. Abin da aka fara a ɓoye, ranar da ya fito ba zancen karatu za a yi ba, zancen raini za a yi, kuma dangin miji ba sa mantuwa. Ki zaɓi ranar da yake cikin nishaɗi, ki faɗa masa gaskiya dukanta, har da shekara shidan da za ki riƙa kwana a Dutse ko Kano. Namiji ba ya tsoron littafi, abin da yake tambayar kansa shi ne wa zai riƙe yara, wa zai dafa, me mutane za su ce. Ki je da amsoshin a hannunki, ko Inna ce za ta riƙe babban, ko ƙanwarki za ta dawo gidan. In ya yi nauyi, ki sa Baba ko yayansa da yake jin maganarsa su shiga. Wata ma ta rubuto mini kwanaki cewa tsoronta kada ta tafi karatu a yi mata kishiya. Na ce mata 'yar nan, mata nawa aka yi wa suna zaune a tsakar gida ko ƙofar zaure ba su taɓa leƙawa ba?

Kuma ba ke ce farau ba. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri mai suna Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. Abin da suka yi shi ne ɗebo 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, waɗanda kiredit ɗinsu na kimiyya bai cika ba, a zaunar da su watanni ana koya musu, masu goyo da goyonsu, su sake jarrabawa su shiga makarantun jinya da unguwarzoma. Da yawansu sun ci, sun koma garuruwansu suna aiki. Ku masu karatun littattafai kuma kun san Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta dawo ta bi ajin yaƙi da jahilci, ga shi yau ana nazarin littattafanta a jami'o'i.

Jinin nan kuwa da yake tayar miki da hankali, wata 'yar'uwarmu ce a Kano ta sa shi a gaba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban bincike da aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Sun nuna cewa in aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin a ga yawansa da wuri, sannan aka haɗa mata magungunan a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, mummunan zubar jini yana raguwa da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa da lissafi. Ki riƙa tuna wannan duk asubar da Fiziks ya ƙi shiga.

In kuma kin yi JAMB sau biyu sau uku likitanci ya ƙi, wahalarki ba ta faɗi ƙasa ba. Kiredit biyar ɗin nan su ne dai ake nema a Kwalejin Jinya da Unguwarzoma ta Birnin Kudu, nan kusa da ke, kuma su sun yarda da zama biyu. Su ne ake nema a digirin jinya, da haɗa magunguna, da gwajin jini. Ni dai ban yarda a ce wa unguwarzoma wadda ta kasa zama likita ba, don a ƙauye ita ake fara gani kafin kowa.

Ku kuma 'ya'yana da ke aji uku zuwa shida, na san kuna nan kuna karantawa a ƙarƙashin tebur. A littattafan da kuke aro, kullum Dakta ne yake zuwa da farar mota ya auri yarinya, ban cika ganin inda yarinyar ce Daktar ba. In za a raba aji, kada ki gudu daga ajin kimiyya don ƙawarki ta gudu ko don an ce malamin Lissafi yana duka. Gwamnatin Jigawa ta sha tura 'yan mata ƙasashen waje karatun likitanci, ciki har da Sudan kafin yaƙin da ya ɓarke can a 2023. In makarantarku ba malamin Fiziks, ki faɗa wa Baba ya kai maganar taron iyaye da malamai tun kina aji huɗu. In kuma an sa miki rana kina aji shida, ki roƙi Umma a sa bikin bayan takardar ƙarshe ta NECO, a kuma yi maganar ci gaba da karatu a gaban waliyyai tun kafin a shafa fatiha.

Mai son in aiko mata da jadawalin karatun asuba na mako 40 ta rubuto ta adireshin mujalla, ta faɗi darussan da ta faɗi da makin da ta samu. A fitowa ta gaba za mu koma kan wasiƙar 'yar Babaldu da saurayinta ya tafi Legas shekara uku ba aike. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Anti